Koyar da Aikin Haɗin Gwiwa a Darasin Rubuta Manhaja: Nazari daga Kwarin Komadugu, Jihar Diffa

Tsakure

Maƙalar ta auna ɗabi'u uku na ƙwararrun masu rubuta manhaja da yanayin karatu a Diffa. Ta nuna cewa ƙarancin intanet ba ya hana ko ɗaya daga cikinsu, kuma duba aikin juna a rubuce ya fi zaman biyu-biyu dacewa da ɗalibanmu.

Gabatarwa

An kafa Jami'ar Diffa a 2014, ta kuma karkata ga noma da muhalli. Amma ɗalibin da ke nazarin gonakin tattasai na Geskeru, ko ambaliyar Komadugu irin ta 2019 da 2022, ba makawa sai ya rubuta 'yar manhaja a R ko Python don sarrafa alƙalumansa. Kogin daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake tasowa, sai damina ta wuce yake cika a nan, kuma cikar kowace shekara daban ce. Alƙaluman shekara guda ba su isar kowa. Dole aikin ya bi hannaye da yawa, aji bayan aji, kuma manhajar da marubucinta kaɗai ke ganewa ta mutu ranar da ya karɓi shaidar kammalawa.

Waiwaye

Brooks (1975) ya nuna cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya makara ƙara masa jinkiri yake yi. Fagan (1976) ya tsara duba rubutun manhaja a kamfanin IBM. Babu jayayya a kan waɗannan.

Inda muka rabu da magabata shi ne kan zaman biyu-biyu, wato mutum biyu a kwamfuta ɗaya, wannan na bugawa wancan na lura. Cockburn da Williams (2000), bisa gwajin da aka yi da ɗaliban Jami'ar Utah a Amurka, sun ruwaito cewa lokaci na ƙaruwa da kusan kashi 15 cikin 100, kurakurai kuma na raguwa da kusan haka. Ba mu musanta alƙaluman ba. Sai dai gwajin ya ɗauka cewa mai lura zai buɗe baki nan take ya ce wa abokinsa ya yi kuskure. A ajinmu, ƙane ba ya gyara wa yaya a gaban jama'a, ɗaliba kuma sau da yawa ta gwammace ta yi shiru da a ce ba ta da kunya. Idan mai lura ya yi shiru, amfanin ya tafi, sai asarar lokacin.

Hanyar Bincike

An ɗauki adana tarihin aiki, duba aikin juna, da zaman biyu-biyu, aka tambayi kowanne abu uku: me yake buƙata na lantarki, na intanet, da na mu'amala tsakanin ɗalibai.

Sakamako

Abin da ya fi ɗaukar hankali ya shafi Git, manhajar adana tarihin aiki da Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Mutane da dama na haɗa ta da GitHub, sai su yanke cewa ba ta yiwuwa inda layi ke yankewa. Wannan ruɗu ne. GitHub shafi ne a intanet. Git kuwa kan kwamfutar ɗalibi take zaune, kuma kowane kwafi na ɗauke da cikakken tarihin aikin. Da umarnin git bundle ana naɗe sauye-sauye a fayil guda, a sa a ma'adanar USB, a miƙa wa abokin aiki. Ko lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki a Agustan 2023, kwamfutar tafi-da-gidanka mai caji ta isa wannan aiki.

Fa'idar ta wuce nan. Duk sauyin da aka ajiye yana ɗauke da sunan mai shi, da rana, da ɗan bayanin dalili. Wannan ya taɓa babbar cutar aikin rukuni, inda ɗalibi ɗaya ke kwana yana rubutu, sauran su fito ranar gabatarwa a raba maki daidai. Malamin da ya buɗe git log zai ga wanda ya ɗora tubali da wanda ya zo ɗaukar hoto. Saboda haka muke ganin a ɗora kaso mai tsoka na maki kan tarihin aiki.

Matsalar kunya ma a nan take samun sauƙi. Idan aka shar'anta cewa ba a haɗa sauyin kowa da babban aiki sai wani ya karanta ya rubuta sharhi, gyara ya zama umarnin malami. Ƙane zai rubuta cewa layin da ke lissafa tsayin ruwa ya cakuɗa mita da santimita, yaya ya karanta shi kaɗai, ya gyara, girmansa bai zube ba. Malami ya riƙa juya masu dubawa kowane mako don kada abokai su riƙa rufa wa juna asiri.

Iyakokin Nazari

Nazarin na tsari ne, ba a gwada shi a aji da rukunin kwatance ba. Za a ce ɗalibi na iya tara ƙananan sauye-sauye marasa amfani don ya cika tarihi da sunansa, ko ya yi aiki da kwamfutar wani sunan mai ita ya fito. Gaskiya ne, amma malamin da ke karanta sauye-sauyen maimakon ƙirga su zai gane na farko, na biyun kuma saitin suna kafin fara aiki ke maganinsa. Nauyin karatun kan malami yake, kuma a aji mai cunkoso sai an ba shi mataimaki.