Harshe Ɗaya, Ƙuri'a Daban: Yaɗuwar Hausa da Sauyin Biyayyar Siyasa a Kabong, Jos

Tsakure

Maƙalar nan ta duba wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a nazarin siyasar Amurka, wato cewa al'ummar da ta bar harshenta ta kama na masu rinjaye, sannu a hankali ƙuri'arta ma takan bi tasu. An auna ra'ayin da yanayin Kabong a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da coci da gida ga mutanen da ba Hausawa ba. An dogara ga tarihin Jos da sakamakon zaɓuɓɓukan jihar Filato daga 1979 zuwa 2023. Binciken ya gano cewa karɓar Hausa ba ta ja mutanen yankin zuwa siyasar Hausawa ba. Abin da ke juya ƙuri'arsu shi ne batun mallakar ƙasa da tsaro da rabon mulki.

1.0 Gabatarwa

A zaɓen shugaban Amurka na 2024, Donald Trump ya samu kusan rabin ƙuri'un 'yan Latino, alhali an daɗe ana lissafa su cikin magoya bayan jam'iyyar Dimokurat. Wasu manazarta sun ɗora wannan sauyi a kan harshe: kaka tana jin Sifaniyanci kawai, ɗanta yana jin biyu, jika kuwa Ingilishi ne bakinsa, don haka ba ya ganin kansa baƙo, yana zaɓe kamar kowane maƙwabcinsa. Tushen wannan tunani yana cikin aikin Milton Gordon na 1964 kan sajewar baƙi, da na Joshua Fishman kan yadda harshe ke gushewa cikin zuriya uku.

Ko a can ma bayanin bai cika ba. Gundumar Starr ta jihar Teksas, wadda kusan duk mazaunanta 'yan Latino ne, kuma Sifaniyanci yana da rai a gidajensu, ta zaɓi ɗan Rifablikan a 2024 karo na farko cikin fiye da shekara ɗari. Wannan ya sa ya dace a gwada ra'ayin a wani wurin da sajewar harshe ta yi nisa. Tambayar maƙalar ita ce: wanda ya karɓi harshenka, ya karɓi siyasarka ke nan?

2.0 Yadda Hausa ta zauna a Kabong

Kabong tana cikin mazaɓar Tudun Wada-Kabong, ɗaya daga mazaɓun Jos ta Arewa. Mafi yawan mazaunanta Kirista ne, daga Birom da Anaguta da Afizere da sauran ƙabilun Filato da suka shigo birni. Sunayen unguwannin kewayen kaɗai sun isa shaida kan yadda Hausa ta zauna: Gada Biyu, Tudun Wada, Unguwar Rukuba. Hatta sunayen da Hausawa suka laƙaba wa 'yan ƙasa, Jarawa ga Afizere da Naraguta ga Anaguta, sun shiga sunayen mazaɓu na hukuma.

Ta ƙofa uku Hausa ta shigo. Ta farko ita ce haƙar kuza, wadda ta kankama a farkon ƙarni na 20 ta kwaso leburori da 'yan kasuwa daga Kano da Zariya da Bauci da Barno. A ramin kuza da barikin ma'aikata babu harshen da ya haɗa kowa sai Hausa. Ta biyu ita ce mulkin Turawa, wanda ya riƙe Hausa a matsayin harshen kotu da haraji a lardunan Arewa. Ta uku, wadda ta fi shiga jini, ita ce coci. Mishan na SUM da SIM sun tarar da harsuna masu yawa a ƙasa ƙanƙanuwa, sai suka zaɓi Hausa don wa'azi da karatu. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ɗaure wannan zaɓi. Har yau sunan TEKAN, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, mai hedikwata a Jos, da Hausa yake.

Sakamakon haka, Hausar Kabong ba ta aro ba ce. Da ita ake addu'a, da ita ake zaman makoki, da ita miji Birom da matarsa Ngas ke renon 'ya'yansu. Tana da kamanninta: bambancin jinsi tsakanin "ya" da "ta" yakan raunana, baƙaƙe masu ƙugiya sukan saje da marasa ƙugiya, Turancin buroka kuma yana kutsowa a bakin matasa. Harsunan gado ne ke biyan farashin, musamman ƙananan irin Iguta na Anaguta.

3.0 Abin da ƙuri'a ta nuna

Da ra'ayin sajewa gaskiya ne a ko'ina, da Filato ta kasance cikin jihohin da suka fi bin jam'iyyun da Hausawa da Fulani ke jagoranta. Tarihi ya nuna akasin haka tun kafin 'yancin kai. Yunƙurin Tsakiyar Nijeriya, daga ƙungiyar da Fasto David Lot ya jagoranta zuwa jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka, ya tashi ne don ƙin mamayar jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa, kuma mafi yawan tarurrukansa a Filato sai da Hausa za a fahimci juna.

A 1979 jihar ta zaɓi Solomon Lar na NPP gwamna, ta kuma ba Nnamdi Azikiwe rinjaye a kan Shehu Shagari. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 da aka soke, ta bi Moshood Abiola da Babagana Kingibe na SDP, dukansu Musulmi. Daga 1999 ta zauna a PDP ƙarƙashin Joshua Dariye da Jonah Jang. A 2015 ta raba ƙuri'arta: Goodluck Jonathan na PDP a zaɓen shugaban ƙasa, Simon Lalong na APC a na gwamna. Babban dalilin shi ne Jang, wanda Birom ne daga shiyyar arewa, ya tsaya wa Gyang Pwajok, shi ma Birom, abin da sauran shiyyoyi suka ɗauka karya tsarin karɓa-karɓa ne. A 2019 jihar ta fifita Atiku Abubakar, Bafulatani Musulmi, a kan Muhammadu Buhari, ta kuma mayar da Lalong. A 25 ga Fabrairu 2023 Peter Obi na LP ya lashe jihar, duk da cewa gwamnanta Lalong ne babban daraktan yaƙin neman zaɓen Bola Tinubu. Mako uku bayan haka, mutanen nan suka zaɓi Caleb Mutfwang na PDP gwamna.

Jam'iyya biyar ke nan cikin shekara 44. Mai kallo daga nesa zai ce jama'a ce marar alƙibla. Ai kuwa alƙiblar na nan. Jam'iyyun ne ake sauyawa kamar motar haya.

4.0 Abin da ke juya ƙuri'ar

Jos ta Arewa ce ta fi fito da amsar fili. Gwamnatin Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar a 1991, kuma Birom da Anaguta da Afizere suka ɗauke ta a matsayin yankin da aka yanka wa Hausawan Jos, waɗanda ke kiran kansu Jasawa. Jasawa kuwa suna kafa hujja da cewa kakanninsu na cikin waɗanda suka gina garin, ba su da wani gida da za su koma. Daga nan duk rikicin da ya biyo baya ya rataya a kan tambaya guda: wane ne ɗan ƙasa, wa zai riƙe kujerar da ke ba da takardar shaidar asali? Naɗin Aminu Mato, Bahaushe, shugaban riƙo na ƙaramar hukumar ya haifar da tarzomar Afrilu 1994. Naɗin wani daga cikin Jasawa jami'in shirin yaƙi da talauci na cikin abubuwan da suka share fagen rikicin Satumba 2001. Zaɓen ƙaramar hukuma na Nuwamba 2008, tsakanin Timothy Gyang Buba na PDP da Aminu Baba na ANPP, ya ƙare da asarar ɗaruruwan rayuka. A jajiberin Kirsimeti na 2010 bama-bamai suka tashi a Kabong kanta da Unguwar Rukuba.

A duk waɗannan lokuta, ɓangarorin biyu suna jin maganar juna sarai. Ba tafinta suka rasa ba. Bayan 2001 unguwanni sun rarrabu bisa addini, har ya zama mutum biyu masu harshe ɗaya ba sa kwana a layi ɗaya.

A nan bambancin Jos da Amurka ya bayyana. Sau da yawa ɗan Latino baƙo ne ko jikan baƙo, kuma Ingilishi ƙofa ce gare shi ta zama ɗan gida. Mutumin Kabong yana ganin kansa mai gida ne wanda ya koyi harshen baƙonsa. Saboda haka ya raba harshen da masu shi: Hausa tasa ce, amma "Bahaushe" suna ne na siyasa da addini da bai shafe shi ba. Akwai ma alamar cewa gushewar harshen gado na ƙara wa mutum riƙo da abin da ya rage masa, wato ƙasa da sarauta da coci. David Laitin ya nuna makamancin wannan a littafinsa na 1986 kan Yarabawa: ba kowane bambanci ne ke zama layin siyasa ba, sai wanda tarihi da tsarin mulki suka ɗora wa riba da asara. A Jos, takardar asali ce ke ɗauke da gurbin karatu da aikin gwamnati da kujera.

Kwatanta 1993 da 2023 ya ƙara haske. Jihar da ta karɓi takarar Musulmi biyu a 1993 ta ƙi irinta ta Bola Tinubu bayan shekara 30. Hausar mutanen ba ta ragu ba a tsakanin. Abin da ya shiga tsakani shi ne jinin da aka zubar a birni da ƙauyuka.

5.0 Kammalawa

Kabong ta nuna cewa sajewar harshe da sajewar siyasa hanyoyi ne biyu, suna iya haɗuwa, suna iya rabuwa. Harshe na jan ƙuri'a ne inda karɓarsa ke buɗe ƙofar zama ɗan gida. Inda doka ta ɗaure haƙƙi a kan asali, ƙuri'a takan bi asalin.

Abu biyu suka wajaba. Na farko, jami'o'inmu su tattara sakamakon zaɓe rumfa-rumfa a Jos ta Arewa tare da bayanin harshen da ake magana da shi a gida, domin a auna wannan matsaya da awo mafi ƙanƙanta. Na biyu, a daina ɗaukar Hausar Filato a matsayin gurɓatacciya ko harshen abokin gaba. Ita ce kusan abu na ƙarshe da Kabong da unguwar Jasawa ta Gangare suka mallaka tare. Ba ta hana faɗa ba, amma duk ranar da aka zauna warware batun ɗan ƙasa da gaske, da ita dattawan ɓangarorin biyu za su gaisa kafin a buɗe taro.