Lauya a Majalisar Sarakai da Ma'aikatan En'e: Nazarin Rayuwar A.G.F. Abdul Razaq

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda Alhaji Abdul Ganiyu Folorunsho Abdul Razaq (1927-2020), lauya na farko daga Jihar Arewa, ya shiga majalisar dokokin Arewa da ke Kaduna. Hujjar da aka kafa ita ce, tsarin shari'ar Arewa na lokacin ne ya karkata aikinsa zuwa siyasa.

Lauyan da aka rufe wa ƙofar alƙali

Ɗan asalin Ilorin ne, amma a Onica aka haife shi. Ya yi karatu a Ibadan da Dabilin, sannan ya zama lauya a Landan a 1955. Da ya dawo, sai ya zauna a Zariya, inda daga bisani aka naɗa shi Tafidan Zazzau.

Arewar da ya tarar ba ta tanadar wa lauya gurbi sosai ba. Mafi yawan ƙararraki a kotunan alƙalai da na sarakuna ake yanke su, doka kuwa ta hana lauyoyi tsayawa a can. Mai ƙara shi ke faɗin da'awarsa da bakinsa, ya kawo shaidu, in babu a nemi rantsuwa daga wanda ake ƙara. Baƙar riga da hular gashi sai a Babbar Kotu.

Gwamnatin Sardauna kuwa tana cikin ƙishin masanin dokar Turawa. Jam'iyyar AG ta Awolowo, wanda shi kansa lauya ne, tana neman a yanke Ilorin da Kabba a haɗa da Jihar Yamma, batun da ya kai gaban Hukumar Willink a 1957-1958. A irin wannan taƙaddama, samun ɗan Ilorin a matsayin lauyan NPC, jam'iyyar Sardauna, ba ƙaramar riba ba ce, kuma a ganina wannan ya fi komai bayyana saurin ɗaukakarsa.

Kujerar naɗi

Daga 1960 zuwa 1962 ya zauna a Majalisar Wakilan Arewa a matsayin wakili na musamman, wato naɗi ne, ba ƙuri'a ba. Lokacin ya dace da fara aiki da sabon kundin dokokin laifuffuka, wanda ya biyo bayan shawarar kwamitin Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, na 1958. Akasarin abokan zamansa hakimai ne da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, waɗanda da yawansu sun san littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar fiye da dokar Ingila.

Bai daɗe ba aka tura shi jakada Kwaddibuwa, ya shiga majalisar tarayya a 1964, har ya riƙe muƙamin minista kafin juyin mulkin Janairun 1966. Da aka ƙirƙiro Jihar Kwara a 1967, shi aka naɗa kwamishinan kuɗi. Lambar SAN ta manyan lauyoyi kuwa sai a 1985 ta iso gare shi, shekara 30 bayan ya fara sanya rigar lauya.