Matan nutso na Jeju da kalmomin sana'arsu

A kudancin Koriya ta Kudu akwai wani tsibiri, Jeju, inda mata ne ke shiga teku su ciyar da gida. Ana ce musu haenyeo, wato matan teku. Suna nutso har zurfin mita goma, ba tukunyar iska a baya, su riƙe numfashi kamar minti guda, su ɓamɓaro katantanwa da ciyawar teku. Abin da suke hutawa a kai bisa ruwa shi ne tewak, wanda a da gora ce, kamar ta masunta.

Tun ƙarni na 17 aikin ya fara komawa hannun mata. Fadar sarki ta ɗora wa tsibirin harajin katantanwa mai nauyi, maza da yawa suka gudu, wasu teku ta ci su, mata suka gaji nutson da harajin duka. Zamanin mulkin mallakar Japan kuma sai aka riƙa sayen kayansu da araha, ana tauye musu awo. A watan Janairun 1932 suka fito zanga-zanga a kasuwar Sehwa, Bu Chun-hwa da Kim Ok-ryeon da Bu Deok-ryang na gaba, aka kama su aka ɗaure.

A shekarun 1960 sun haura dubu 20. Yau ba su kai dubu 4 ba, kuma mafi yawansu sun wuce shekara 60. Gonakin lemo da harkar yawon buɗe ido sun kawo aikin da ba ya kisa, uwayen da kansu suka tura ɗiyansu makaranta. To wa zai ga laifinsu?

An yi ƙoƙari, gaskiya. An buɗe gidan tarihin haenyeo a 2006, UNESCO kuma ta sa al'adarsu cikin gadon ɗan Adam a 2016. Amma ni da nake karatun kimiyyar harshe, abin da ya tsaya mini a rai kalmomi ne. Sumbisori shi ne fiton da ke fita bakin mace in ta ɓullo ta saki numfashi, da shi abokan aikinta ke sanin tana raye. Bulteok zagayen duwatsu ne da wuta a tsakiya, a da nan ake sauya kaya, a ji ɗumi, a sasanta rigima, tsofaffi su koya wa yara inda igiyar ruwa ke ja. Hagun, junggun da sanggun matakan gwaninta ne, daga ƙarama zuwa babba. Kowace kalma tana ɗauke da wani sani ko wata doka, kuma hirar bulteok da harshen Jeju ake yin ta, wanda UNESCO ta ce yana bakin mutuwa tun 2010.

Gora da tabarau za su iya shekara ɗari cikin gilashi. Kalmar sana'a kuwa sai da mai yin sana'ar. Shi ya sa a ganina adana gadon nan abu biyu yake nema: a naɗi muryar tsofaffin nan da harshensu tun suna nan, kuma nutson ya riƙa biya har yarinya ta zaɓe shi da kanta. In ɗayan ya samu babu ɗayan, ƙamus kawai za a bari.