Danja

Danja gari ne kuma hedikwatar ƙaramar hukuma a kudancin Jihar Katsina. Tana maƙwabtaka da Bakori da Funtua da Kafur, tana kuma iyaka da jihohin Kaduna da Kano. Ƙidayar 2006 ta nuna mazauna ƙaramar hukumar sun haura 125,000, galibinsu Hausawa da Fulani Musulmi. Ƙasar tana ƙarƙashin Masarautar Katsina. Tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna har zuwa 1987, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Cikin garuruwanta akwai Dabai da Tandama da Kahutu.

Noma shi ne ƙashin bayan rayuwar Danja. Da damina ana shuka masara da dawa da waken suya, amma abin da ya fito da sunanta shi ne noman rani, musamman tumatir da rake. Idan tumatir ya nuna, za ka ga kwanduna jere a bakin hanya, 'yan dako na lodin motocin da za su nufi kudancin Najeriya. Wanda bai samu mai saye ba, mata da yara kan yanyanka shi su shanya ya zama kauɗa. Babban ciwon manoma shi ne faɗuwar farashi lokacin kaka, saboda ƙarancin wurin adanawa da sarrafawa.