Shamuwa a Magariya da Dungas: abin da ke sa ta yi sheƙa a gida

A ƙauyukan gundumomin Magariya da Dungas, a kudancin jahar Damagaram kusa da iyakar Najeriya, ganin shamuwa a kan iccen tsakar gari alama ce ta cewa damina ta ƙarato. Takan iso a watannin Afrilu da Mayu, kafin ruwan shuka, ta yi ƙwai, ta reni ƴaƴanta, sa'annan ta tashi wajajen Oktoba.

Kamanninta da tafiyarta

Shamuwa, wadda masana ke kira Ciconia abdimii, ita ce mafi ƙanƙanta a danginta. Tsawonta kimanin santimita 73 ne, nauyinta kuma ya ɗan zarce kilo 1. Bayanta da wuyanta baƙi ne, cikinta fari. Takan yi ƙwai 2 zuwa 3, mace da namiji su yi kwanci kusan kwana 30, ƴaƴan kuma su fara tashi bayan kamar wata 2.

A farkon shekarun 2000, masu bincike daga ƙasar Danmak sun ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar na'urar da tauraron ɗan adam ke bi. Sun gano cewa bayan damina tsuntsayen na nufar gabas, su gangara kudu har Tanzaniya da maƙwabtanta, inda suke tarar da wata daminar.

Amfaninta ga manomi

Abincinta mafi yawa fara ce da tsutsa, tana kuma cin kwaɗi da ƙadangaru da ƙananan ɓeraye. Ba ta cin hatsi, saboda haka ta bambanta da jan-baki, mai sauka gungu-gungu kan gero da dawa. Lokacin da take ciyar da ƴaƴanta ya zo daidai da lokacin da fara ke ƙyanƙyashewa a gonaki. Garin da ke da sheƙuna da yawa ya samu masu rage masa fara kyauta.

Abin da ke jawo ta

Shamuwa ba ta shiga akwati ko tukunya irin wadda ake rataya wa tattabaru. Sheƙarta faffaɗa ce, a buɗe, ta kirare da ciyawa, kuma tana son wuri mai tsawo: kuka, tsamiya, gawo, dogon yaro, wani lokaci kan jinka ko rumbu. Ta fi son zama cikin gari da daji, domin kusa da mutane maƙiyanta ba su cika zuwa ba.

Mai gidan da ke son ta sauka zai iya kula da abubuwa kamar haka:

- Ya bar babban icce a tsakar gida ko bayan gida, kada a sassare manyan rassansa, musamman daga Afrilu zuwa Satumba.
- Kada a rushe tsohuwar sheƙa da rani. Shamuwa kan koma inda aka yi sheƙa bara, ta gyara ta ƙara kirare.
- Inda reshe ba shi da mazauni mai kyau, ana iya ɗaure tsohon kwando mai faɗi ko a gicciya sanduna, a zuba ƴan kirare a ciki. A ɗaure da ƙarfi, saboda iskar farkon damina na kayar da sheƙa.
- A hana yara harbi da danƙo ko hawa ɗibar ƙwai.
- A yi hattara da feshin maganin ƙwari kusa da tafki da fadama, domin can take kiwo, kuma farar da ta sha magani na iya cutar da ita.

Sheƙa na zuwa da kashi da tarkace a ƙasa. Shi ya sa ya fi kyau a zaɓi iccen da ke nesa da madafa, da randar ruwa, da wurin shanya.

Icce shi ne tushe

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magariya, Matamai da Mirriya suka shahara da sassaben zamani, wato barin ƴaƴan itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, musamman gawo. A faɗin Nijar an ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya da kimanin hekta miliyan 5. Amma shamuwa tsofaffin itatuwan cikin gari ta fi dogaro da su, waɗanda ake sarewa idan za a faɗaɗa gida ko a nemi itacen girki, kuma rufin kwano da ke maye gurbin jinka ba ya riƙe sheƙa. Kukar da aka sare yau sai bayan shekaru masu yawa za a samu madadinta, don haka mai unguwa da masu gidaje su ne ke da ta cewa kan ko shamuwa za ta samu masauki idan ta dawo baɗi.