Jariri Mai Barcin Rana Da Kukan Dare: Yadda Ake Gyara Masa Lokaci

Duk wanda ke zaune a gidan haya a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ya san yadda abin yake: ɗakuna a jere suna kallon juna, bango kamar takarda, jaririn ɗaki ɗaya in ya tashi ƙarfe 2 na dare gidan gaba ɗaya ya tashi. Gari na wayewa kuma sai ya langaɓe, ko ganga ake bugawa ba ya motsi. Mata sukan ce yaron ya juya dare da rana. Gaskiyarsu, kuma ba ciwo ba ne, ba maita ba ce, ba sammu ba.

Dalilin yana cikin halittarsa. Babba yana da agogo a jiki wanda haske da duhu ke saitawa, shi ya sa in dare ya yi ido ke nauyi. Jariri ba ya zuwa duniya da wannan agogon a shirye. Sinadarin da ke kawo barcin dare, wanda likitoci ke kira melatonin, jikinsa ba ya fara sarrafa shi a kan tsari sai wajen wata 2 zuwa 3. Yana ciki ma haka ya saba: uwa na zirga-zirga da rana tana jijjiga shi yana barci, ta kwanta da dare shi kuma ya fara shure-shure. A kwana guda sabon jariri yakan yi barcin awa 14 zuwa 17, amma gutsi-gutsi, don tumbinsa ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a ciki. Yana buƙatar tsotso sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Saboda haka kada wani ya sa rai ɗan sati 3 zai kwana bai tashi ba. Abin da ake nema kawai shi ne barcinsa mafi tsawo ya koma dare, kuma in ya tashi ya sha ya koma, ba ya zauna ido biyu har asuba ba.

Babban makami haske ne, kuma a nan ne zaman kurmi ke yi mana illa. Mai jego tana zaman arba'in a ɗaki ɗaya, taga ƙarama tana kallon bangon maƙwabci, labule a sake saboda mutane na wucewa, NEPA sun ɗauke wuta. Ɗakin duhu ne tun safe har yamma. Da dare kuma a kawo wuta, ko a tada janareta, ƙwan lantarki a kunne, talabijin na yi, maigida ya dawo daga kasuwa sai lokacin zai ɗauki ɗansa ya yi masa wasa. To ta yaya yaro zai gane wanne ne dare? Ni ɗan kara ne, na san tirelar shanu ba ta da lokacin isowa, na kuma san mazan da ba sa ganin 'ya'yansu sai bayan isha'i. Amma dai wasan nan a dawo da shi safiya kafin a fita.

Da gari ya waye a ɗage labule, a buɗe taga da ƙofa. Da hantsi uwa ta fito da shi baranda ko tsakar gida, a inuwa, ba a cikin rana kai tsaye ba, ko na rabin awa ne. Kada a hana yara magana ko a kashe rediyo don yana barci. Hayaniyar gida ta rana tana cikin abin da ke koya masa. In ya wuce awa 2 zuwa 3 yana barcin rana, a tashe shi a hankali, a kwance masa zani, a canja masa famfas, a ba shi nono. Cikin da ya cika da rana ba ya neman ramuwa da yawa da dare. Sai dai kada a wuce gona da iri a ce za a hana shi barcin rana gaba ɗaya don ya gaji. Wannan dabarar ba ta ci. Sabon jariri ba ya iya zama ido biyu fiye da kamar awa ɗaya, kuma wanda gajiya ta yi wa yawa ya fi wuyar rarrashi. In ya fara hamma, yana kawar da kai, yana murtuke fuska, a kwantar da shi.

Daga magariba sai a juya komai. Abu ɗaya da kudu ta taimake mu da shi, a Legas da Fatakwal rana na faɗuwa kusan lokaci guda duk shekara, wajen ƙarfe 6 da rabi zuwa 7, don haka tsari ba ya rikicewa. A rage haske, a rage murya, a goge masa jiki da ruwan ɗumi, a shayar, a sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a kwantar. Kullum a jere haka. In ya tashi tsakar dare kada a kunna ƙwai. Ƙaramar tocila da aka juya ta kalli bango ta isa. Ba hira, ba wasa, ba haska masa waya a fuska, famfas kuma sai in ya yi kashi ko ya jiƙe sosai. Nonon dare ma yana ɗauke da wancan sinadarin barci daga jikin uwa, wanda na rana ba shi da shi sosai. Sannan ba duk motsi ne farkawa ba: jariri yakan yi nishi, ya yi murmushi, ya ɗan yi ƙara alhali barci yake. A ɗan saurara kafin a ɗauke shi.

Akwai kukan da ke zuwa daga la'asar zuwa farkon dare wanda ba yunwa ba ce, yakan yi tsanani wajen sati 6 ya ragu wajen wata 3 zuwa 4. Rungume shi a ƙirji da tafiya da shi a ɗaki suna taimakawa. Wanda ransa ya ɓaci ya ajiye yaron a wuri mai aminci ya fita ya sha iska, ko ya miƙa wa wani. Girgiza jariri da ƙarfi na iya fasa masa jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. A gida arewa akwai kaka da gwaggo masu karɓa. A nan sau da yawa daga mace sai mijinta, don haka maigida ya karɓi wani yanki na daren, uwa kuma ta runtsa da rana lokacin da yaron ya runtsa.

Wajen kwanciya: a rigingine, kowane lokaci, a kan shimfiɗa mai tauri, babu filo babu tarin tsummoki kusa da fuska, cikin gidan sauro. Mafi kyau shimfiɗarsa daban a gefen gadon uwa. Kada a yi barci da shi a kan kujera, kada a sa shi tsakanin yayyensa. Da zafin kudu riga ɗaya da zani mara nauyi sun isa. Hula da safa da bargo a ɗakin da babu iska kan hana shi barci. Hayaƙin sigari da na igiyar leƙo ba sa shiga ɗakin, janareta kuma nesa da taga, don hayaƙinsa na kisa cikin barci.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a je kemis a ce a ba da abin da zai sa yaro barci. Piriton, maganin tari, agbo na maƙwabta, dauri na gida, duk ba na jariri ba ne. A ƙarshen 2008 maganin haƙori mai suna My Pikin, da aka samu gurɓatacce da guba mai lalata ƙoda, ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan. Ruwa ma ba a ba shi kafin wata 6, zuma kuwa sai ya shekara.

Wani barcin ranar kuma na rashin lafiya ne. In yaro yana da wuyar tashi, ya ƙi kama nono, idonsa ko jikinsa ya yi rawaya irin na shawara, zafin jikinsa ya kai 38 ko jikin ya yi sanyi ƙalau, numfashinsa ya haura 60 a minti ɗaya, ko bayan kwana 5 da haihuwa ba ya jiƙa famfas kamar 6 a kwana, asibiti za a nufa a ranar, ba jiran gobe. Ƙwayar kafur da ake sa wa cikin akwatin kaya na iya tada shawara mai tsanani ga wasu jarirai, a raba ta da kayansa. Bakwaini da wanda bai dawo nauyin haihuwarsa ba, wato yawanci kafin kwana 14, ko da dare ba a barinsu su wuce awa 3 zuwa 4 ba tsotso. Lafiyayyen yaro kuwa, in an riƙe hasken rana da duhun dare, yawanci tsakanin sati 6 zuwa 12 ake ganin barcinsa ya fara haɗewa awa 4 ko 5 a farkon dare.