Falgore a tsakiyar damina: dajin da yaƙi ya bari, kogi ya riƙe

Masu yawon buɗe ido suna da ƙa'ida game da gandun namun daji: a je da rani. Daga Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, tafkuna sun janye, dole dabba ta fito neman ruwa inda ido zai gan ta. A watan Agusta kuwa babu mai ba ka shawarar zuwa Falgore. Gamba ta fi tsayin mutum, hanyoyin cikin dajin sun zama taɓo, gajimare ya rufe kan duwatsu. Sai dai wanda yake son ya gane dalilin keɓe wannan daji, damina ce lokacinsa, domin a lokacin ne dajin yake babban aikinsa.

A ɗauki matafiyin da ya tashi daga Ajingi da sassafe. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa ce ta gero da gyaɗa, babu tudun da zai tare ido. Zai bi ta Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran farko, Abagayawa, suka tashi neman tama har suka zauna a gindin Dala. Ashe tafiyar mutumin wannan yanki zuwa dutse ba yau aka fara ta ba. Daga nan sai gadar Wudil, inda kogi ya cika ya yi jajir. Ya kamata ya dubi ruwan nan da kyau, don kuwa inda wani kasonsa ya fito can ya dosa. Zai ratsa Kano, ya ɗauki hanyar Zariya, ya karya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada a kan hanyar Jos. Bayan Tudun Wada gonaki suna raguwa, ƙasa ta fara tashi, doka da maje da maɗaci su maye gurbin kuka da gawo. Ya shiga Falgore ke nan, daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, wanda ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila.

Tambayar da ta dace a nan ita ce: yaya aka yi ƙasar Kano, wadda ta yi suna da cunkoson jama'a da noma har bakin ƙofar gida, ta bar fili mai wannan girma, kuma a yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama?

Wani ɓangare na amsar yana gabas da dajin, a duwatsun Ningi. Wajen 1846, wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza na Tsakuwa suka saɓa da hukumar Kano a kan haraji, suka yi ƙaura zuwa cikin duwatsun nan, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mazauna wurin. Abin da ya fara a matsayin gudun hijirar 'yan tsiraru sai ya zama daular da ta addabi Kano da Bauchi da Zazzau fiye da shekara hamsin. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su, musamman zamanin Ɗan Maje, amma dawakin Kano ba su da ta cewa a cikin duwatsu. Ningawa kan sauko su kwashi mutane da dabbobi a kudanci da gabashin Kano, su koma maɓoyarsu. Manomi ba ya shuka inda bai da tabbacin girbi. Jama'a suka tattare cikin garuruwa masu ganuwa, filin da ke tsakani ya koma kurmi, ƙudan tsando kuma ya taya wajen hana shanu zama. A ganina, mai kallon Falgore a matsayin dajin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba ya yi kuskuren karatu: tsoro ne ya dasa da yawa daga cikin bishiyoyin nan.

Kudu da dajin akwai duwatsun Riruwai, mafi tsayi a Jihar Kano, waɗanda suka haura mita 1,000. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai ke narka kuza suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Sawun irin waɗannan tsinkaye Turawan Kamfanin Neja suka bi a farkon ƙarni na 20 har suka gano arzikin kuzar ƙasar Jos. Riruwai ita ma ta ga zamanin kamfanoni da leburori, sannan ta ga watsewarsu.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, hare-haren suka tsaya, mutane suka fara komawa sarar daji. A shekarun 1940 aka shata wurin da sunan Gandun Dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji. Sunan farkon nan ya fi faɗin gaskiya. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan kudu ya ratsa dajin, kuma a kansa ne gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Daga Tiga ake shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Ragowar ruwan ya haɗu da na Challawa, ya bi ta Wudil, ya gifta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja.

Ga abin da mai zuwa da damina zai gani da idonsa. Inda bishiya da ciyawa suke, ruwan sama yakan sauka a hankali, ƙasa ta sha, rafi ya fito da ɗan haske. Inda aka sare aka yi gawayi, ruwan yakan kwaso jar ƙasa ya zarce da ita. Ƙasar nan ba ta ɓacewa; a gindin Tiga take kwanciya. Duk yashin da ya kwanta ya rage wurin ajiyar ruwa, madatsar ta riƙa cika da wuri a damina, ta kuma gaza da wuri a rani. Mai tumatir a Kadawa da mai shinkafar fadama a Ajingi, wanda ya san ɗacin ambaliya, duk suna da rabo a dajin da yawancinsu ba su taɓa takawa ba.

Namun dajin kuwa, gwanki da ɓauna da kanki da ake ba da labarinsu, ganinsu ya zama abin sa'a ko da rani. Birai ne suka fi fitowa bakin titi. Abin da ya fito da sunan Falgore a shekarun baya-bayan nan shi ne fashi da satar shanu, har sojoji suka yi atisaye a cikinsa a 2017. Direbobin hanyar Jos ba sa son dare ya riske su a ciki, don haka matafiyinmu sai ya juyo kafin la'asar ta yi sanyi.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da sanya Falgore cikin sababbin gandayen ƙasa guda goma, tare da Baturiya ta Jigawa da Kogo ta Katsina. Sauya suna a takarda ba ya korar mai gatari. Yankari ta zama gandun ƙasa a 1991, amma a 2006 Jihar Bauchi ta karɓi abarta. Kuma dokar gandun ƙasa ta fi ta jiha tsanani: ta hana kiwo da saran itace ɗungurungum, alhali akwai rugagen Fulani da suka daɗe suna rayuwa da dajin, ga kuma Kano da buhunan gawayin da take ci kullum. An kafa gandun ƙasa na farko a duniya a Amurka a 1872 ne tare da fitar da ƙabilun da ke farauta a wurin, kuma jikokinsu suna ƙorafi har yau. Wanda zai shata iyakar Falgore a yanzu zai tarar da makiyayi a ciki, da mai gawayi a bakinta, da manomin da gonarsa ta riga ta ci cikin tsohuwar iyakar da Turawa suka bari.